Daga Nima zuwa Sao Tome da kyamara a wuya

Shagona yana bakin babban titin unguwar Nima a Accra, ƙarami ne, in mutum huɗu suka shigo sai na biyar ya tsaya a ƙofa. Shekara goma sha huɗu ke nan ina ɗaukar hoto a nan: na fasfo, na suna, na ɗaurin aure, na walimar saukar Alƙur'ani, da na alhazai ranar da suka dawo. Yara biyu ne a hannuna, ɗaya yana kula da injin wanke hoto, ɗaya yana bi na da jaka da fitila. Hoton fasfo ke biyan haya da kuɗin wuta, biki kuma shi ke sa a ajiye wani abu. Tun da waya ta shiga hannun kowa ciniki ya ragu, abin da ya rage mana shi ne aikin da mutum ba ya son a ɓata masa.

Ta nan tafiya ta shigo sana'ata. Wani Alhaji da na daɗe ina yi wa gidansa aiki ya aurar da 'yarsa, ango ya ce zai kai amarya Sao Tome. Alhaji ya kira ni ya ce, "Malam, ka bi su, ina son in ga inda 'yata ta taka." Na ce, "To Alhaji, an gama." Tsibirin yana cikin Tekun Gini, daga Accra jirgi ba ya kai awa biyu. Fotugal ta mulke su har 1975, Fotugis suke ji, kuɗinsu dobra, amma a riƙe yuro a hannu. Soket ɗinsu irin na Turai ne mai ƙafa biyu, ba namu mai uku ba, wanda bai tafi da adafta ba batirinsa zai kwana ba caji.

Washegarin saukarmu na fito daga ɗaki mai na'urar sanyi, rana na hudowa, amarya ta gama shiri, na ɗaga kyamara sai na ga hazo. Gilashin ya yi gumi ciki da waje, kamar yadda ledar ruwan sanyi ke yi in an fito da ita daga firiji. Ƙarfe da gilashi sun kwana cikin sanyi, iska mai ɗumi da danshi ta same su, ta zube musu ruwanta. Rabin awa muka tsaya, hasken da na tashi dominsa ya wuce. Daga ranar nake sa kyamara a leda mai zik tun ina ɗaki, in fito da ita a rufe, in bar ta ta yi ɗumi kafin in buɗe. In ta riga ta yi gumi, kada ka cire gilashin, kada ka goge, ka ajiye ta inda iska ke kaɗawa.

Babbar asarar sai bayan wata uku ta bayyana. Na haska fitila cikin gilashin da nake ɗaukar fuska da shi, na ga zare-zare fari kamar yanar gizo-gizo. Funfuna ce, danshi da duhun jaka suka haife ta. Mai gyara ya buɗe ya wanke, amma ta riga ta ci fentin gilashin, kuma kuɗin biki biyu ne suka tafi wajen sayen wani. Yanzu 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu cikin kwalin sabon takalmi ba na yar da su, jakata cike take da su, in na dawo kuma ba na barin kaya a jaka. Gishirin teku ma ɓarawo ne, wanda ya yi aiki a bakin tekun Labadi ko Jamestown a nan Accra ya sani. Kowane dare ina goge jikin kyamara da ƙyalle mai ɗan damshin ruwan famfo. Gilashi kuwa sai na hure yashi kafin in taɓa, don ƙwaya ɗaya ta isa ta karce shi. A bakin teku ba na canja gilashi.

Agogonsu da namu ɗaya ne, amma suna gabas da mu, rana na riga fitowa can da kusan rabin awa, kafin ƙarfe shida na yamma kuma ta faɗi, duhu ya rufo nan take. Mai sallar asuba a kan lokaci ya riga kowa samun haske mai kyau. Tsakar rana ba ta yi wa fuskarmu adalci: inuwa ta cika kwarmin ido, ga farin leshi, ga ƙyallin ruwa, kyamara ta ruɗe ta duhunta mutum. Ni a kan fuska nake auna haske, in ba faifan mayar da haske, farin mayafi ma ya wadatar. Daga Yuni zuwa Satumba suna da rani mai gajimare da suke kira gravana. Fuska tana kyau sosai a lokacin, amma teku ba ya yin shuɗin da ango ya gani a waya, gara a gaya masa tun a Accra.

A hanyar kudu akwai dutsen Pico Cão Grande, siriri, tsaye kamar tabarya, tsayinsa mita 663. Gajimare ke rufe kansa yawancin yini. Mun zauna bakin hanya fiye da awa ɗaya, direbanmu yana cewa "leve-leve", wato sannu-sannu, kafin ya buɗe na 'yan mintoci. Daga Porto Alegre muka hau kwalekwale zuwa ɗan tsibirin Ilhéu das Rolas, inda layin da ya raba duniya biyu ya ratsa. Kyamara a leda take har muka sauka.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda baƙi ke yi a tsofaffin gonakin koko da ake kira roça. Gine-ginen suna da kyau a hoto, amma jikokin waɗanda aka kwaso daga Angola, Kef Bad da Mozambik don aikin ƙarfi suna zaune a ciki, gidansu ne. Mu 'yan Zango mun san zafin baƙo ya shigo lungu ba sallama ya ɗora mana kyamara. Ina gaisawa, in nuna kyamara in ce "posso?", wato "zan iya?", in an ƙi in sauke, in an yarda in nuna wa mutum hotonsa. Wata tsohuwa mai shanyar koko, da na ce daga Gana nake, kuma kokonmu Tetteh Quarshie ya kawo shi daga Fernando Po, maƙwabcin tsibirinsu, da kanta ta gyara ɗankwali ta tsaya.

Sau uku ke nan ina komawa da ma'aurata. Kuɗin jirgi da masauki a kansu yake, na aiki daban, kuma kowane dare ina kwafe hotuna wuri biyu, kati ɗaya a jaka, ɗaya a aljihuna. Masu tafiya da waya kaɗai su ma suna biyowa shago neman shawara, ba na karɓar ko sidi, in sun dawo a wurina suke wanke hotunan. Hoton tsohuwar nan yana rataye bayan kujerar da ake zama ɗaukar fasfo. Na wanke mata nata, na kai mata a tafiya ta biyu.