Jirgin da ya ɓace a kan idona

Jiya da dare na zauna ina bin jiragen dakon mai a taswirar intanet. Ina cikin kallon wani kusa da gaɓar Girka, sai ya ɓace ɓat. Haka masu kauce wa takunkumin da aka sa wa man Rasha ke yi: su kashe na'urar AIS mai nuna inda jirgi yake, su juye mai daga jirgi zuwa jirgi a tsakiyar teku. Tun da G7, ƙungiyar manyan ƙasashe bakwai masu arziki, ta ƙayyade farashin gangar man Rasha a dala 60 a Disambar 2022 harkar ta bunƙasa.

Wallahi ma'aikatan ciki ne suka tsaya mini a rai. Tsohon jirgi, tutar aro ta wata ƙasa, inshora ba tabbas. In ya tsage cikin dare, ina za a neme su?