Ga 'Yan Mata Masu Lufus: Kada Ku Yi Wasa da Ƙoda

A layin ganin likita a asibitin koyarwa na Shika na ji wata yarinya tana gaya wa ƙawarta cewa za ta ajiye firedinisolon, maganin da take sha saboda cutar lufus, har sai an gama bikinta, domin ya kumbura mata fuska, ba ta son hotunan kamu su fito da ita haka. Na ce mata, "'Yata, don Allah kada ki yi." Ta ce, "To, Anti," ta mayar da ido kan wayarta.

Abin da take shirin yi shi na yi. Lokacin da aka tabbatar mini da lufus, an yi mini bayani cewa garkuwar jikina ce ta juya tana yaƙar jikin, kuma tana iya kai wa ƙoda hari. Na ji, amma hankalina yana kan ciwon gaɓoɓi, da zubar gashi, da ƙurajen kumatu, domin su nake gani. Da suka lafa sai na ɗauka na warke. Na daina zuwa asibiti, na ajiye ƙwayoyin, na koma shan jiƙon da wata dattijuwa a Tudun Wada ta rantse mini yana raba mutum da sanyi, idan gwiwa ta motsa kuma in aika kemis a sayo mini diklofenak, wanda shi kansa yana cutar da ƙoda. Ba na cewa ba ni da hujja. Maganin yana da tsada, dangin miji suna ta raɗe-raɗin jifa, kuma macen da fuskarta ta sauya a wata biyu ita kaɗai ta san abin da take ji. Sai dai hujjar ba ta hana fitsarina yin kumfa ba, na gani na kawar da kai, har ƙafafuna suka kumbura, hawan jini ya kama ni. Da aka ɗebi ɗan tsokar ƙodar aka auna, cikin matakai 6 da likitoci ke kasa lufus na ƙoda, tawa tana na 4, ɗaya daga cikin mafiya tsanani. Har yau ƙodata ba ta koma yadda take ba, kuma da a ce da kuɗin jiƙon nan na yi gwajin fitsari, da an gano da wuri.

Cikin masu lufus 10, kusan 9 mata ne, yawanci masu shekarun haihuwa. Kusan rabi cutar kan taɓa musu ƙoda, galibi cikin shekaru 5 na farko, kuma ta fi tsananta ga baƙar fata. Cikin waɗanda ta taɓa, kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari kan kai ga wankin ƙoda ko dashe. Sau da yawa ba ciwo ba zafi. Furotin ne kawai ke tsiyaya cikin fitsari.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, amma ku 'yan yanzu da ke gaskata mai tallar magani a TikTok fiye da likitan da ya ga sakamakon jininku, wa zai karanta? Ku riƙa gwajin fitsari da na kiriyatinin, wato gwajin jinin da ke nuna aikin ƙoda, ko kuna jin garau. Kada ku yanke firedinisolon kwatsam, likita ne ke rage shi a hankali, kuma haidiroksikulorokwin, wani maganin lufus, ba a ajiye shi don an samu sauƙi, sai dai a riƙa duba ido.

Ku gaya wa wanda zai aure ku gaskiya. Ko da yake ni da na faɗa na sha gori, don haka ba kowane ɗan'uwansa ne ya cancanci ji ba. Amma shi dole ya sani, domin maikofenolet da ake bayarwa don ƙoda yana illata ɗan tayi, kuma likitoci na so cutar ta kwanta na aƙalla wata 6, a sauya magani, kafin a ɗauki ciki. Amaryar da mijinta bai san wannan ba, yaya za ta ce masa a jinkirta haihuwa?