Kyamarar dako a dajin Wisconsin: ta kanti da ta haɗin hannu

A makon ƙarshe na watan Oktoban bara na shiga kurmin da ke bayan wata gonar masara a tsakiyar jihar Wisconsin ta Amurka, inda mai gonar ya ba ni izinin farauta, domin in duba kyamarorin dako biyu, masu ɗaukar hoto da kansu idan dabba ta gitta, da na ɗaure a jikin bishiya guda, ɗaya a saman ɗaya, dukansu suna fuskantar turbar da bareyi ke bi daga makwancinsu zuwa gona. Ta sama ta kanti ce, a kwalinta na saye ta. Ta ƙasa kuwa haɗin hannu ce, ni da wani dattijo maƙwabcina muka harhaɗa ta a garejinsa. An yi ruwa kwana biyu kafin zuwana, ƙasa ta yi laushi, sawun wani babban namiji ya fito raɗau a cikin laka, saboda haka tun kafin in buɗe kyamarorin na san cewa ya wuce ta gabansu. Ta kanti ta ba ni hotuna uku na dare, baƙi da fari, dishi-dishi, amma ana iya ƙidaya rassan ƙahonsa. Ta haɗin hannu ta ba ni hoto guda mai launi, mai kyau har ana ganin gashi ɗaya-ɗaya, sai dai ƙugu ne da ƙafafun baya kawai, domin kai da ƙaho sun riga sun fice kafin ta ɗauka.

Barewar da nake magana a kanta ba irin tamu ta Sahel ba ce, ko da yake sunan da ya fi kusa da ita ke nan a Hausa. Wannan mai farin ƙarƙashin wutsiya ce, namijinta yana da ƙaho mai rassa wanda yake zubarwa a tsakiyar hunturu, wani sabo ya tsiro da bazara. A Wisconsin babban lokacin farautarta da bindiga kwana tara ne kacal, yana farawa ranar Asabar ta ƙarshe kafin bikin godiya da Amurkawa ke yi a ƙarshen Nuwamba. Mai aikin albashi ba shi da halin kwana a daji yana dako, kuma ko da yana da halin, yawan shige da ficensa yana barin ƙanshin mutum a turba, babban namiji kuwa da zarar ya shaƙi wannan ƙanshin sai ya mayar da yawonsa dare ko ya sauya hanya gaba ɗaya. Mafarautanmu na gida da sawu da kashi da karyayyen reshe suke karanta daji, kuma har yanzu da wannan nake farawa. Abin da kyamara ta ƙara shi ne sa'a da kwanan wata, da kuma kamannin dabbar da ta bar sawun.

Dabarar ba sabuwa ba ce, kuma asalinta haɗin hannu ne. Tun a shekarun 1890 George Shiras na uku, wanda daga baya ya zama ɗan majalisar wakilan Amurka daga Pennsylvania, yake ɗaure zare a turbar dabbobi a arewacin Michigan, ta yadda idan barewa ta taɓa zaren sai kyamara ta ɗauka, garin maganiziyam ya yi walƙiya ya haska dare. A watan Yulin 1906 mujallar National Geographic ta buga hotunansa 74. Yau babu zare. Abin da ya maye gurbinsa ƙaramin ido ne mai jin ɗumi, wanda ke zaune a bayan wata roba mai layi-layi da ke raba filin da ke gabanta gida-gida. Idan wani abu da ɗuminsa ya bambanta da na bayansa ya tsallaka daga wannan gida zuwa wancan, sai idon ya ta da kyamara. Wannan ido ɗaya ne a cikin ta kanti da ta haɗin hannu, kuma rauninsa ɗaya ne. Ciyawar da rana ta gasa, idan iska ta kaɗa ta, tana iya cika katin ajiyar kyamara da ɗaruruwan hotunan wofi. Dabbar da ta taho tsaye tana fuskantar kyamara takan matso kusa sosai kafin a ji ta, saɓanin wadda ta gitta. A ranar tsananin zafi kuma, lokacin da ɗumin iska ya yi kusa da na jikin dabba, idon yakan makance. Shi ya sa nake juya fuskar kowace kyamara arewa, in share ciyawar gabanta, in kuma karkata ta ga turba maimakon in sa ta kalli turbar kai tsaye.

Maƙwabcina yana cikin mutanen da suka fara haɗa nasu a farkon shekarun 2000, lokacin da na kanti ke da tsada kuma hotunansu ba su da kyau. Tsarin da ya koya mini shi ne wanda masu wannan sana'a suka daɗe suna bi. Ana samo tsohuwar ƙaramar kyamarar aljihu, galibi ta Sony, irin su P41 da S600, a buɗe cikinta a liƙa siraran wayoyi da dalma a maɓallin kunnawa da na ɗauka. Wayoyin suna tafiya zuwa wani ƙaramin allon lantarki mai ɗauke da idon jin ɗumi, sannan a saka komai cikin akwatin roba mai hana ruwa, irin na kamfanin Pelican, a huda masa tagogi uku, na gilashin ɗauka da na filasha da na idon, a toshe gefunansu da gam. Aikin yana buƙatar hannu marar rawa, kuma akwai haɗari guda da dattijon ya nanata mini tun ranar farko: ma'ajiyar wutar filasha tana riƙe caji ko bayan an cire batir, wanda ya taɓa ta da yatsa zai ji a jikinsa.

Kyawun hoton irin wannan haɗi ba abin mamaki ba ne, domin kyamara ce da aka ƙera don ɗaukar hoton mutane, da gilashi na gaske da filasha mai ƙarfi. P41 megafiksel huɗu ce kawai, amma hotonta na dare ya fi na kyamarorin kanti da yawa da ke ɗauke da lambar 20 ko 30 a kwalinsu, saboda waɗannan manyan lambobi sau da yawa ba daga idon kyamarar suke fitowa ba, manhaja ce ke buɗa ƙaramin hoto ta cike giɓin da ƙiyasi. Duk wanda zai sayi ta kanti, ina ba shi shawara ya manta da wannan lamba, ya nemi ganin ainihin hoton dare na dabbar da ke tafiya.

Amma a wurina ingancin kyamarar dako ba a hoton da ta ɗauka ake auna shi ba. Ana auna shi ne a ranar da ka buɗe kati ka tarar babu komai, ka tambayi kanka ko barewa ce ba ta zo ba, ko kuwa kyamarar ce ta yi barci. Mafarauci yana yanke shawara a kan rashin hoto kamar yadda yake yankewa a kan samuwarsa: idan kati ya ce mako biyu babu namijin da ya bi wannan turba, zan ɗauke mazaunin da nake dakon barewa a kai in kai wani wuri, kuma idan shaidar katin ba gaskiya ba ce, na yi asarar kwanaki daga cikin tara ɗin da nake da su. A wannan ma'auni ta haɗin hannu tana da rauni da ba a iya ɓoye shi. Kyamarar aljihu a kashe take zaune don kada ta cinye batir, sai allon ya kunna ta, ta farka, ta shirya, sannan ta ɗauka. Tawa takan ɗauki kusan daƙiƙa biyu, kuma barewar da ke tafiyarta ta yau da kullum ta riga ta ci taku da yawa a cikin wannan lokaci. Kyamarorin kanti masu kyau suna ɗauka a ƙasa da rabin daƙiƙa, kamfanin Reconyx da ke garin Holmen a nan Wisconsin yana bayyana kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ga nasa, kuma suna iya jera hotuna da yawa a bugu ɗaya, abin da ke nuna maka namijin da ke biye da mace a baya.

Sanyi shi ne jarrabawa ta biyu. A watan Janairu ma'aunin zafi a nan yakan sauka ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifiri, batirin alkalin na yau da kullum kuwa ƙarfinsa yana zubewa a irin wannan yanayi, shi ya sa masu barin kyamara a hunturu suke sayen na litiyam duk da tsadarsa. Ta kanti, da batura takwas ko sha biyu na litiyam, tana iya yin watanni. Ta haɗin hannu tana da baki biyu da za a ciyar, allon da batirinsa, kyamarar da nata guda biyu, kuma allon yakan ta da kyamarar lokaci-lokaci domin filasha ta kasance da caji, wanda shi ma ci ne. Mun ƙara mata manyan batura a waje, ta ƙara nauyi, ta kuma ƙara mahaɗar waya da za ta iya yin tsatsa. Danshi kuwa bai bar kowa ba. Ina saka ƙunshin ƙwayoyin tsotse danshi, irin wanda ake samu a kwalin sabon takalmi, a cikin kowace, kuma duk da haka na taɓa tarar da tagar gilashi ta yi hazo da safe.

Kada a ɗauka cewa duk abin da ya fito daga kanti amintacce ne. Farashinsu yana kamawa daga ƙasa da dala 50 har zuwa sama da dala 400, kuma tazarar ingancinsu ta kai ta farashin. Na taɓa sayen wata mai araha wadda ta yi aiki lafiya kaka guda, a ta biyu ruwa ya shiga ta bakin murfinta, ta riƙa nuna fitilar cewa tana aiki alhali ba ta ajiye komai. Da na buɗe ta ban sami abin da zan iya gyarawa ba, allo ne guda da aka manne komai a kansa. A nan ne ta haɗin hannu ta fi ƙarfi, domin ranar da tawa ta daina ɗauka, cikin rabin sa'a muka gano wayar da ta saki, muka mayar da ita da ɗigon dalma. Wanda ya haɗa abu da hannunsa ya san inda zai fara dubawa. Sai dai kayan gyaran suna ƙarewa: an daɗe da daina ƙera waɗannan kyamarorin aljihu, katin ajiyarsu na musamman ne na Sony, kuma duk wadda ka samu a kasuwar gwanjo ta kusa shekara ashirin ko ta wuce.

Batun haske ya raba kan mafarauta, ni ma ban tsaya a gefe guda ba. Farar filasha tana ba da launi kuma tana tsayar da motsi cak, amma tana sanar da dabba da ɓarawo inda kyamara take. Na kanti galibi suna amfani da hasken infirared, wani mai tsawon zango na nanomita 850 da ke nuna ɗan ja idan an kalle shi, wani na 940 da ido ba ya gani amma haskensa bai kai na farkon nisa ba. Da irin wannan haske kyamara takan bar idonta a buɗe ɗan lokaci mai tsawo, shi ya sa ƙahon dabbar da ke tafiya yake fitowa a shafe. A abin da na gani a wannan kurmi, mata da 'ya'yansu ba su damu da walƙiya ba, tsofaffin maza ne wasu suke kaucewa, kuma ina zargin ƙanshin hannuna a jikin akwatin yana da nasa laifin.

Fasalin da ya fi jan masu saye yanzu shi ne kyamara mai layin waya, wadda ke turo hoto zuwa wayarka ba tare da ka taka daji ba. Amfaninta a fili yake, domin tana rage ƙanshin da kake bari, kuma idan ta mutu za ka sani da wuri, wanda ya warware rabin matsalar katin wofi. Amma ta jingina da abubuwan da ba a hannunka suke ba, wato kuɗin wata-wata da ƙarfin sabis a cikin kwari, da kuma shawarar kamfanonin waya. A shekarar 2022, da manyan kamfanonin Amurka suka rufe layinsu na 3G, kyamarorin da aka gina a kan wannan layi sun daina turo hoto duk da cewa lafiyarsu ƙalau. Akwai kuma tambayar adalci ga dabba, wadda ba na ɗaukar ta da wasa. Jihar Arizona ta haramta amfani da kyamarar dako don farauta daga farkon 2022, a ƙasar da ruwa ke da ƙaranci har ake tara kyamarori a bakin mashaya guda, jihar Kansas kuma ta hana su a filayen gwamnati a 2023. Ni a raina, hoton da ya gaya mini cewa namiji yana bin wata turba a wannan mako ilimin daji ne, amma saƙon da ya ce yana tsaye a wuri kaza a wannan minti ya wuce abin da nake so in yi farauta da shi, saboda haka ban sayi mai layin waya ba.

Bana na raba musu aiki gwargwadon halin kowace. Turbar bayan gonar masara, inda dabba ke wucewa ba tsayawa, na bar wa ta kanti mai saurin ɗauka, da batirin litiyam, ina zuwa dubawa sau ɗaya a mako biyu da tsakar rana. Ta haɗin hannu kuwa na mayar da ita gefen kurmi, ƙarƙashin wani reshe da ya sunkuyo, inda maza suke tone ƙasa da kofato su yi fitsari, su goga goshi da fuska a reshen don su bar ƙanshinsu gabanin lokacin barbara na farkon Nuwamba. A wurin namiji yakan tsaya rabin minti ko fiye, daƙiƙa biyu ba su hana komai. Hoton farko da ta ba ni daga can na wani namiji ne mai rassa takwas, ya miƙa wuya yana lasar reshen da ƙarfe huɗu da kwata na asuba, na buga shi a takarda na kai wa dattijon, ya manna shi a bangon garejin kusa da teburin da muka yi liƙin dalma.