Yadda ake kallon fim ɗin da ba a magana a cikinsa

Akwai fim ɗin da uwargida za ta bi daga madafa da kunne kaɗai, don duk abin da ya faru sai jarumi ya faɗa da bakinsa. Akwai kuma wanda in ka kau da ido na daƙiƙa biyar an wuce ka. Masu cewa irin na biyun ba shi da ma'ana yawanci a bakin 'yan wasa suke nemanta, alhali tana mahaɗar hotuna, inda mai tace fim ya yanke wannan ya manna wancan.

Lev Kuleshov ya gwada hakan a Rasha kimanin shekara ɗari da suka wuce. Ya ɗauki fuskar ɗan wasa wadda ba ta nuna komai, ya jera ta da kwanon miya, 'yan kallo suka ga yunwa. Ya jera ta da akwatin gawa, suka ga baƙin ciki. Fuskar ba ta canza ba. Saboda haka tambayar farko a kowane yanka ita ce: me ya sa aka ajiye wannan bayan wancan?

A Koyaanisqatsi na Godfrey Reggio, wanda ya fito a 1982, babu hira ko ɗaya, sai kiɗan Philip Glass. Ana nuna tsiran alade yana gudu a belin masana'anta, sai a yanke zuwa jama'a suna kwarara a matakalar lantarki. Hukuncin ya fita ba tare da mai sharhi ba. Saurin da ake ƙara wa hotunan ma lissafi ne. Ana haska fim da hoto 24 a daƙiƙa, to in kyamara ta ɗauki hoto ɗaya tak kowace daƙiƙa, awa guda za ta koma minti biyu da rabi. A wannan saurin mutum ɗaya ba ya ganuwa, tsarin garin ne ke fitowa, motoci su taru a danja su ɓalle kamar bugun jini.

Abu na biyu shi ne maimaici. Meshes of the Afternoon na Maya Deren da Alexander Hammid, na 1943, minti 14 ne kacal, ga fure, ga makulli, ga wuƙa, ga wani mai madubi a madadin fuska. Matar da ke cikin fim ɗin na maimaita shiga gida ɗaya, kowane zagaye wani abu ya sauya, har makullin ya rikiɗe ya zama wuƙa. Kada ka ɓata lokaci kan "me makulli yake nufi?" Lura da inda yake a zagaye na farko da hannun da ya koma a na gaba. Da wannan fim ya fi kyau a fara, don gajere ne kuma ana iya kallonsa sau biyu a zama guda: na farko ba tsayawa, na biyu da biro, kana rubuta abin da ya dawo da abin da ya canza.

Kayan kallo kan kashe fim ɗin tun kafin a fahimce shi. Baraka na 1992 a kan fim mai faɗin milimita 70 aka ɗauke shi, a waya cikin hasken rana rabinsa ya tafi. Kashe fitila, sa abin kunne, kada ka ƙara sauri, don tsawon da hoto ya yi a gabanka yana cikin abin da ake faɗa.

Mothlight na Stan Brakhage, na 1963, ya fi kowanne saurin lalacewa. Ba a yi shi da kyamara ba: fukafukan ƙwari, furanni da ciyawa ya matse tsakanin tef biyu masu gani-gani, aka buga su a fim. Kusan kowane hoto daban yake da na gabansa, don haka bidiyon da aka matse don tsimin data yakan mayar da shi dambu-dambu. Nemi kwafi mai inganci, kuma in ka ji kiɗa wani ne ya ɗora, asalinsa shiru ne.