Wasiƙa daga Suwidin: a haɗa ɗaliban lafiya a kan gadon tsoho ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwana mutanen Jos. Ina gaishe ku daga Linköping, da fatan hunturun bana bai takura wa iyayenmu ba.

A asibitin jami'ar garin nan akwai ɗakin majinyata da ɗalibai ke riƙe da shi tun 1996. Mai koyon likitanci, mai koyon jinya da mai koyon gashin ƙashi sukan yi mako biyu suna aiki tare, malamai na sa musu ido. Da yawan majinyatan tsofaffi ne da suka karye. Ɗalibin likita ma yana taya yi wa tsohuwa wanka, a nan yake ganin gyambon kwanciya da idonsa.

Abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai shi ne, tsoho ba ya zuwa asibiti da ciwo ɗaya. Ku dubi ledar maganin Hajiya: ga na hawan jini, ga na suga, ga diclofenac da jikanta ya sayo a kemis saboda gwiwa, wanda ke iya taɓa ƙoda ya kuma ɗaga jinin. Mai harhaɗa magunguna ne zai lura da wannan. Nas ce za ta ji cewa jiri na ɗibarta in ta tashi fitsari da dare. Surukar da ke jinyarta kuwa ta san duk wannan, amma ba wanda ya tambaye ta. In waɗannan mutane ba sa magana da juna, faɗuwa ce za ta biyo baya, kuma karayar ƙugu kan kwantar da tsoho har ƙarshen rayuwarsa.

Kowa ya san takun saƙar da ke tsakanin ƙungiyar likitoci da JOHESU, wato gamayyar ƙungiyoyin sauran ma'aikatan lafiya. A ganina tun daga makaranta ake shuka ta, inda kowane ɓangare ke karatu a rabe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira a riƙa koyar da ɗaliban fannonin lafiya tare tun 2010. Jami'ar Jos tana da sassan likitanci, jinya da harhaɗa magunguna, ga kuma asibitin koyarwa a Lamingo. Roƙona ga shugabanninsu, a ware gadaje kaɗan na tsofaffi, a haɗa 'yan ajin ƙarshe su yi zagaye tare, su rubuta tsarin jinya guda, su zauna da iyalan majinyaci kafin a sallame shi.

Wassalam.