Karatun daren Asabar a barandar Aboabo

A Kumasi Hausa a baki take. Da ita ake ciniki a Alaba, da ita ake rigima a tashar mota, da ita liman ke fassara huɗuba ranar Juma'a. Amma miƙa wa saurayin Zango littafin Hausa na boko, sai ka ga yana bin layi da yatsa yana inda-inda, shi da zai karanta maka jaridar Turanci ba tuntuɓe. Ba laifinsa ba ne. Makarantun gwamnatin Ghana suna koyar da Twi da Ewe da Ga da Dagbani da Gonja da sauransu, Hausa ba ta cikin jerin. Dattawanmu da ajami suka tashi, mu da Turanci, bokon Hausa ya faɗa a tsakiya ba mai shi.

Ni malamin Turanci ne a ƙaramar sakandare, kuma da girmana na koyi karanta Hausar boko, da littattafan da wani direban babbar mota yake sayo mini in ya kai goro Kano. Da na fara sabawa sai na ga karatun mutum ɗaya a ɗaki bai ishe ni ba, ina son wanda zan yi gardama da shi. Haka muka fara haɗuwa daren Asabar bayan sallar isha'i a barandar wani tela a Aboabo. Akwai telan kansa, wanda ba ya ajiye almakashi ko ana karatu. Akwai Malam, dattijo mai makarantar allo a bayan layinmu. Akwai Hajiya mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia, da 'yar ƙanwarta, ɗalibarmu, da ke karatu a jami'ar KNUST. Sauran masu zuwa ne su tafi, gwargwadon yadda mai shayin gefe ya dama madara. Aikina shi ne in karanta a bayyane, in mun gama littafi kuma in rubuta sharhi na shafi ɗaya ko biyu in karanta musu su yi mini kaca-kaca.

Ƙa'idar farko Hajiya ce ta kafa ta. Ta ce, "Ticha, labari dai mun ji shi da kunnenmu, kada ka sake ba mu shi. Kai me ka gani?" Tun daga nan sharhina ba ya ba da labari fiye da layi uku. Kuma na lura yawancin abin da ake kira sharhi, a jarida ko a ajin jarrabawa, maimaita labari ne da ɗan yabo a wutsiya.

Da Shaihu Umar muka fara. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi yana matashin malamin makaranta a Bauchi, domin gasar da Bature Rupert East, jami'in ilmi, ya shirya a 1933, gasar da ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Ɗan ƙaramin littafi ne. Shaihu Umar malami ne a Rauta, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya ba su labarin yadda fadawa suka yi wa mijin uwarsa Makau sharri bayan an komo daga harin bayi, yadda aka sace shi yana yaro, yadda Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi Masar ya zama malami, da yadda uwarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu bauta. A ƙarshe sun gana, amma ba ta daɗe ba ta rasu.

Ɗalibarmu ce ta kawo na biyu, The Hundred Wells of Salaga na Ayesha Harruna Attah, wanda ya fito a 2018. Da Turanci yake, don haka ni da ita muka riƙa karantawa muna juyawa da Hausa nan take, sakin layi bayan sakin layi. Mata biyu ne a ciki: Aminah, yarinyar ƙauye da mahara suka kama, da Wurche, 'yar gidan sarautar Kpembe da ke kusa da Salaga, wadda Aminah ta ƙare a hannunta. Salaga kuwa ba baƙon suna ba ne a barandar nan. Can ne fataken Gwanja ke sauke jakuna su ɗauki goron Asante zuwa Kano, can kuma ake sayar da mutane, kuma yaƙin basasar 1892 da ya watsa garin yana cikin abin da ya cika zangunan kudu da mutane. Tela ya ce kakansa daga can ya gudo. Hajiya ta ce nata ma.

Abu mai sauƙi shi ne a ɗora littattafan biyu a sikeli a ce wanne ya fi. Ɗalibar ta riga ta yanke nata hukuncin. Ta ce Ɓalewa ya shafa wa bauta mai: ana fita harin mutane kamar ana fita farauta, ba wanda ya ɗaga murya, Balaraben da ya raba yaro da ƙasarsa ma mutumin kirki aka mai da shi, kome ya faru a ce ƙaddara. Attah kuwa ta shigar da kai cikin zuciyar yarinyar da aka ɗaure, ka ji yunwarta da tsoronta da yadda take ƙirga 'yan'uwanta da aka raba ta da su.

Malam ya bari ta gama. Sannan ya ce, "'Yata, wanda bai yi kururuwa ba, ba shi ne ya yarda ba. Wa ya fi shan wahala a littafin nan?" Ta ce uwar. Ya ce, "To wa ya sa marubucin ya bi ta tun daga gida har Tarabulus, ya nuna mana kowane hannu da ya cuce ta? In yana son ya rufa wa abin asiri, da sai ya bar ta a gida."

Wannan gardamar ce ta koya mini yadda ake kwatanta littafi da littafi. Tambayar wanne ya fi daɗi ba ta kai mu ko'ina. Sai da na tsayar da tambaya guda, na yi wa kowannensu ita: a cikin labarin nan wa aka ba baki, wa aka hana? A Shaihu Umar baki na malami ne da ya riga ya tsufa, ya sami daraja, yana waiwaye cikin natsuwa a gaban almajirai, kuma irin wannan mutum ba zai yi kuka a gaban yara ba. Zafin yana wajen uwar, ita kuwa ta bakinsa muke jin ta. A littafin Attah an raba bakin biyu, babi na baiwa, babi na uwargijiya, shi ya sa ba ka iya tsanar Wurche gaba ɗaya ko da ka so. Sai kuma tambaya ta biyu da ta biyo baya da kanta: wa aka rubuta wa? Ɓalewa ya rubuta wa 'yan makarantar Arewa, ta hannun ofishin Turawan mulki, a lokacin da waɗanda aka bautar da waɗanda suka bautar da su suna nan da ransu a gari ɗaya. Attah ta rubuta bayan fiye da shekara ɗari da faruwar abin, da Turanci, ga duk duniya, kuma ta faɗa da bakinta cewa labarin wata kakar kakanninta da aka sayar a Salaga ne ya tayar da ita. Wanda bai sa wannan a lissafi ba zai zargi ɗaya da tsoro, ya yabi ɗaya da jarunta, alhali kowannensu da irin ɗakin da yake magana a ciki.

Nawa ra'ayin, wanda na rubuta na karanta musu: babukan Aminah sun fi duk abin da ke cikin Shaihu Umar kusanto da mai karatu ga abin da bauta take yi wa mutum, amma sha'anin soyayyar Wurche ya ja littafin ya yi tsawon da bai kamata ba, har Hajiya ta fara gyangyaɗi. Ɓalewa kuwa ba shi da kitse ko kaɗan. Inda wani zai cika shafi biyar, shi layi biyu ne ya wuce, wani lokaci ma ya wuce da sauri fiye da kima, musamman wajen ƙarshe. Ɗalibar ba ta yarda ba, har yau ba ta yarda ba, kuma hakan ya yi mini daidai.

Akwai wani dare da karatun ya yi nauyi. Mun kai inda ake wanke bayi da ruwan rijiyoyin Salaga kafin a kai su kasuwa, sai wani saurayi daga cikin masu shan shayi ya yi dariya ya ce ai su wane ma an san daga inda kakanninsu suka fito. Baranda ta yi tsit. Tela ya ajiye almakashi, abin da ban taɓa gani ba. Malam ya ce masa, "Yaro, masu garin nan, Tonawa, wato Asante, tun zamanin da suna da doka cewa ba a tona asalin mutum. Mu baƙinsu ba za mu fi su rashin kunya ba." Daga ranar na gane cewa mai sharhi a Zango ba a fili yake magana ba, a cikin dangi yake. Jikokin mai saye da jikokin wanda aka saya sun yi auratayya, suna sahu ɗaya a masallaci. Ana iya faɗin gaskiyar littafi duka, amma misali da gidan wani ba ya shiga sharhi.

Waƙa ce ta fi ba ni wuya, kuma a nan na fi ƙaruwa. Da muka gama da Salaga, Malam ya ce ai akwai wanda ya ga yaƙin da idonsa. Alhaji Umaru ke nan, haifaffen Kano wajen 1858, wanda ya biyo hanyar goro ya zauna Salaga, yaƙi ya tashe shi ya koma Kete-Krachi ya zama limami, ya rasu a can a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa, har da na zuwan Nasara, kuma akwai rubuce-rubucensa a cikin tarin takardun Larabci da ajami da Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta tattara a shekarun 1960. Mako na gaba Malam ya zo da gafaka, ya zaro waɗansu 'yan takardu da suka yi ja, gefensu ya gutsuttsure, tawadar ta ci ta fito ta baya. Waƙar Talauci da Wadata ce ta Alhaji Umaru, da hannun mahaifin Malam.

Na roƙe shi ya karanta mini a hankali na kwafe da boko, na tafi gida na yi ta dubawa. A takarda, gaskiya, ba ta burge ni ba. Magana ɗaya ce ake ta juyawa: matalauci in ya yi magana ba a ji, mai dukiya ko shirme ya yi a ce ya yi daidai. Da na faɗi haka a zama na gaba, Malam bai ce mini kome ba. Ya gyara zama, ya ɗora takardar a gwiwa, ya rera. Kafin ya yi baiti goma mai shayi ya rage rediyonsa, Hajiya tana cewa "Wallahi haka ne" a ƙarshen kowane baiti, wani ɗan acaba da ya tsaya sayen burodi ya kashe mashin. Maimaicin da ya gundure ni a takarda shi ne abin da ke sa mai sauraro ya san inda za a sauka, ya tari mawaƙin a can.

Daga baya Malam ya nuna mini dalilin da idona ya kasa gani. Rubutacciyar waƙar Hausa a kan karin Larabci aka gina ta, kari kuwa lissafin gaɓa mai nauyi da mara nauyi ne. Ajami yana nuna dogon wasali da alif da wawu da ya, don haka mai karatu yana ganin nauyin gaɓa a kan takarda. Boko ba ya nunawa. Da na kwafe waƙar da boko, sai na zubar da ma'aunin na riƙe ma'ana kaɗai, kamar wanda ya tsame wake daga wake da shinkafa ya ce bai ji daɗin abincin ba. Yanzu ba na rubuta kalma ɗaya a kan waƙa sai na ji ta a bakin wanda ya iya rerawa, in so samu fiye da sau ɗaya, sannan in duba amsa-amonta, in ga inda mawaƙi ya matsa wa kalma don ta shiga kari da inda ta zauna da kanta.

Kuma tambayata ta wa aka ba baki ta yi aiki a nan ma, ta wata fuska. Littattafan biyu sun ɗauki mutum ɗaya ko biyu sun bi su har ƙarshe. Waƙar ba ta da Aminah, ba ta da Umar, matalaucinta ba shi da suna, shi ya sa kowa a barandar ya sa sunan da ya sani a ransa. Ban ce wannan ya fi wancan ba. Na dai daina neman abin da labari ke bayarwa a wajen waƙa.

Takardun Malam ba za su ƙara shekaru masu yawa ba, damina tana cin su a cikin gafaka. Ɗalibarmu ta ɗauki hoton kowane shafi da wayarta, ni kuma ina sake kwafewa da boko, amma wannan karon ina ninka wasali inda yake dogo, yadda masu nazarin harshe ke yi, don wanda bai iya ajami ba ya ga karin. Mun kuma ɗauki muryar Malam yana rerawa, bayan doguwar magiya, da sharaɗin ba za a sa masa kiɗa a ƙasa ba. Littafi na gaba na ɗan garinmu ne, Mohammed Naseehu Ali, The Prophet of Zongo Street na 2005. Akwai labarin wani mai shayi a ciki, kuma namu mai shayin ya riga ya ce in aka zagi sana'arsa, ranar kowa ya zo da kuɗinsa a hannu, ba bashi.