Kafin dillali ya ƙwanƙwasa maka tanki

Jiya da hantsi na tarar da ɗan marigayi abokina tsugune a gaban injin iskan babansa. Wani dillali na tsaye a kansa, yana ƙwanƙwasa tankin da sifana yana girgiza kai. Tun daga nesa na san abin da yake faɗa: "Wannan ya gama yayi, sai dai a ɗora a kilo." Yaron ya miƙe ya gaishe ni, ya ce, "Baba, so nake in sayar in buɗe POS." Na ce wa dillalin ya dawo jibi. Ban iya barci ba daren nan, domin da wannan maganar aka raba ni da nawa injin.

A watan Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa, 'yan kwanaki bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Ni kuwa faci nake yi a bakin titi, kuma kusan duk cinikina na 'yan acaɓa ne. Cikin mako guda wurin ya zama kamar an yi shara. Sai in wuni ban tada injin sau uku ba. Ga kuɗin haya ya zo, ga iyali na da tsohon ciki. Duk wanda zai ce na yi wauta, ya fara zama a kan bencin nan daga safe har magariba babu ko sisi, sannan ya zo mu yi magana.

Amma in zan faɗi tsakanina da Allah, ba yunwa kaɗai ta sa na sayar ba. Haushi ne. Injin ya fara jinkirin cika tanki, kan da ke matso iskar yana zafi fiye da yadda na saba, ni kuma zuciyata ta riga ta fita daga sana'ar. Ban kwance ko noti ɗaya na duba ba. Kan nan na baƙin ƙarfe ne mai fistin biyu, irin na da, injin fetur na Honda ke jan sa da bel. Ubangidana ne ya bar mini shi ranar da ya yaye ni. Dillali ya zo ya ƙwanƙwasa, ya taɓe baki, ya yi tayi, na sallama. Kuɗin ba su yi wata biyu ba. An biya haya, an yi suna, wannan kam ban yi nadamarsa ba. Sauran kuwa har yau ba zan iya nuna abin da na yi da su ba.

Bayan 'yan watanni na gan shi a wata unguwa yana aiki. Na gane shi da lotsawar da ke gefen tankin, da igiyar da ni na ɗaura a hannun tada injin. Na tsaya na tambayi mai wurin me ya gyara. Ya ce gaskit ne ya ƙone, sai faifan bawul da ya tsage, a Ƙofar Ruwa ya samo su, kuɗin bai taka kara ya karya ba. Ina tsaye yana ba wani ɗan adaidaita sahu iska. A lokacin adaidaita ta cika gari, kowace da ƙafa uku, aikin faci ya dawo har ya fi da. Ni kuma ba ni da iska. Shekara biyu ina faci a rumfar yaron da ni na koya wa riƙe lebe (ƙarfen cire taya), in na gama in jira ya ba ni tiyo. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ina cikin tara kuɗin wani injin kuma, a tsakiyar 2016 naira ta faɗi, dala ta tashi daga kusan 197 ta haura 280 a farashin gwamnati, duk kayan waje suka bi ta. Abin da kuɗina suka kai shi ne ƙarami mai kan alminiyam, wanda ko rabin ƙarfin wancan bai yi ba.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawarwari da yawa, amma abin bai wuce wannan ba. Injin iska abu uku ne: tanki, kai, da abin da ke jan sa. Kai ana gyara shi. In ka ga baƙin mai na biyo iska, zobban fistin ne suka cinye. In yana jinkirin cika, duba bel, duba bawul, ka shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo ka ga inda zai yi kumfa. Injin fetur kowane bakanike ya san shi. Tanki ne ba ya gyaruwa. Iskar da aka matse tana barin ruwa a gindinsa, shi ya sa aka yi masa ɗan famfo a ƙasa don a riƙa zubarwa kullum. Wanda bai zubar ba, tsatsa na ci masa daga ciki fentin waje na ƙyalli. To in tankinka lafiya yake, kada ka sayar. Ko ba ka aiki da shi, zubar da ruwan, saki iskar, rufe shi da buhu. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 tada shi ya yi tsada, na sani, amma ajiye shi ba ya cin lita ko ɗaya.

In kuwa tankin ya huje, rabu da shi yau. Kada ka kai wa mai walda ya liƙe, kada kuma ka shafa masa fenti ka sayar wa wani talaka. Tankin da ya ruɓe fashewa yake yi, kuma yana kisa. A huda shi da gangan a ba 'yan gwangwan, ka riƙe kan.

Sannan kuma, in har ka tabbata ba za ka taɓa yin sana'ar ba, to sayar wa mai yi ya fi ka bar shi ya mutu a zaure. Na san yanzu na ce kada a sayar. Duka biyun nake nufi. Abin da ke ci mini rai shi ne ku 'yan yanzu ba ku tsayawa ku sani. Kunyar baƙin hannu kuke ji. Kowa so yake ya zauna ƙarƙashin lema yana danna waya, a layi ɗaya masu POS sun fi masu cire kuɗin yawa. Yaron nan injin da ya ciyar da shi tun yana goye ne, amma bai san inda famfon zubar da ruwa yake ba.

Gobe bayan asuba zan je da sifanuna mu buɗe famfon nan mu ga kalar ruwan da zai fito. Na gaya masa kada ya karɓi ko kafin alƙalami kafin nan. Ya ce, "To, Baba," idonsa na kan waya.